Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman Ingilishi na kwalejojin jihar Tawa da sufetocinsu, kan maganar Ali's book

Assalamu alaikum su mushe da su madam, da ku manyanmu sufetoci masu zagayawa duba aiki, ranku shi daɗe. Ina gajiya, ina fama da yara da zafin garin nan. Allah shi biya ku, don in dai albashi ne kowa ya san bai kai wahalar ba.

Ni uba ne, ɗiyata na aji sankiyam a wata kwaleji nan cikin gari, ba zan faɗi sunan lakkol ɗin ba tunda ba ƙara na kawo ba, malamin nata ma yaron kirki ne na san gidansu. Kafin in koma harkar albasa ni ma na riƙe alli, shekara shida ina koyar da Angile a matsayin ɗan kwantaragi a wani ƙauye, to duk abin da zan faɗi har ni ya shafa, in akwai bulala a fara ta bayana. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Ran Alhamis da ta wuce bayan isha'i yarinyar ta kawo min kayenta tana ta kumbure-kumbure, wai 4 bisa 20 anka ba ta a aikin cas possessif. Na buɗe na duba. An ce su mai da Faransanci zuwa Ingilishi, le livre d'Ali, la maison de mon père, ire-irensu. Ita kuwa ta zauna ta rubuta the book's Ali, the house's my father, haka kusan har ƙasan shafi, duk an bi da jan bik an soke, a gefe an sa faux, revois ta leçon. Na juya baya in ga darasin da anka ce ta koma ta duba, layi guda ne cikin akwati da anka zana da rula: possesseur + 's + chose possédée. Na ce karanta min, ta zubo shi tsaf ko numfashi babu. Na ce to madalla, mi ne ne possesseur? Sai ta yi tsit tana wasa da bakin hijabi.

Wlh kunya ce ta kama ni, don akwatin nan ni ma na zana shi a tablo ya fi a ƙirga, kuma the book's Ali ɗin nan na soke shi a kayen yara iya sokewa, amma ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina mi ya sa yaran da ba su san juna ba, ƙauye daban shekara daban, ke faɗawa rami guda ba. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da bai san komai ba shirmensa kala-kala ne, yau nan gobe can. Wanda kullum wuri guda yake ɓata kuwa akwai wata doka da yake bi a cikin kansa, kuma dokar ta gida ce, da ita ya tashi.

Ku duba ku gani. Mu littafin Ali muke cewa, abin gaba, mai abin baya, ɗan harafin da ke ɗaure su kuma, n ɗin nan, a wutsiyar kalmar farko yake liƙe. Rigar Hadiza, r ɗin a jikin riga take. Mu nan Adar ma haɗiye ta muke yi mu ce rigam Musa, motab Bello, amma mazauninta bai canza ba. To yarinya ta ji mushe ya ce akwai wani ɗan s mai nuna mallaka, sai kanta ya ce mata ai na gane, wanga shi ne n ɗinmu, ta ɗauko littafi-n Ali ta mai da shi book-'s Ali, kowace kalma a gurbin ƴar'uwarta. Faransancin da anka bi da ita ta cikinsa bai cece ta ba, shi ma abin yake sa gaba, le livre d'Ali, har ga wani apostorof nan tsakiya kamar yana gyaɗa mata kai. In tana zuwa Islamiyya da marece ta ƙara samun shaida, kitabu Aliyyin, littafi gaba Ali baya. Harshe uku sun haɗa baki sun gaya mata abu guda, Ingilishi ne kaɗai ya juya kai ƙasa, mu kuwa ba wanda ya buɗe baki ya ce mata ke, lura fa, wanga juyawa yake yi. Sai possesseur plus s, a hardace.

Abin da munka yi da ita daren nan bai kai minti ashirin ba. Na ce allonki ta ina kike fara karanta shi, ta ce ta dama mana. Na ce to duk inda kinka ga 's na mallaka ki ɗauka allo ne anka miƙo miki, fara daga dama ki komo hagu. Ali's book, book littafi, ki komo ki tarar da Ali, littafin Ali. My father's house, gidan babana. Sai na ja mata doguwa in ga ko ta kama da gaske: Ali's mother's brother's cow. Ta ɗora yatsa a ƙarshe tana jawowa sannu sannu, saniyar, ɗan'uwan, uwar, Ali, sai ta fashe da dariya ta ce Baba ai saniyar kawun Ali ce kawai, shi ne anka yi mata wanga dogon layi. In rubutawa za ki yi kuma, na ce, tambayi kanki na wa ne? Sunan da ya zo bakinki shi za ki fara ajiyewa, ki rataya masa 's, sannan kayan su biyo bayansa. Na ba ta goma ta yi tara, guda ɗin ma rubutun neighbour ne ya kayar da ita, wanda ni kaina sai na tsaya na tuna inda g da h suke zama.

Abokan aikinku na Yamai da Doso ma sun fi ku samun sauƙi in sun so, don Zabarmanci mai abu yake sa gaba, ay fuwo gidana, Musa fuwo gidan Musa, tsarin Ingilishi sak, s ɗin ne kawai babu. Na yi karatu a Yamai da yaran Zabarmawa, su ma da Faransanci anka koya musu wanga darasi, wato an ɗauke su daga ƙofar gidansu an zagaya da su ta Paris sannan a dawo da su inda sunka taso, wasu ma a hanya sunka ɓace.

Wani wurin da Faransanci ke kai yaranmu ya baro shi ne his da her. A Faransanci son da sa abin suke bi, sa mère ko uwar namiji ce ko ta mace, son père ma haka. Yaro ya riƙe cewa sa mace ce, sai ka ga ya rubuta Ali loves her mother, wanda a kunnen Bature Ali uwar wata mata can yake so, tasa kuwa oho. Hausa tun tuni ta raba gardama: uwarsa uwarta, ubansa ubanta, ko uwatai da ubanai yadda muke faɗi nan. Mai abin ake dubawa, in namiji ne his, in mace ce her, darasi ya ƙare. Abin dariya ma sa ta Hausa namiji, sa ta Faransanci mace, ku ji rikici a kan ɗan shekara goma sha biyu. Shekara shida na yi ina zana kibiyoyi a tablo daga possesseur zuwa adjectif, alhali amsar na bakin yaran tun suna goye.

Kada wani ya ce ai ƙaramin abu ne, ɗigo ne kawai a saman layi. Mu mutanen Tawa ƙafarmu a waje take, kowane gida akwai ɗan ci-rani, albasar Galmi har Kumasi da Accra take zuwa, daga Ƙonni in ka taka Illela kana Najeriya, kuma yanzu rabin ciniki a WhatsApp ake ƙulla shi. Wata shekara wani yaro da ke riƙe mana lissafi, mai BEPC har da Bac ɗinsa, ya tura wa mai sayen kayanmu a Gana saƙo wai the truck's owner is held at the border. Shi motar maigida yake nufi anka tsare kan takardu, the owner's truck. Mutumin can ya karanta mai mota ne anka kama, ya ɗauka an kulle mutum, ya riƙe kuɗin da zai turo sai ya ji yadda ta kaya, ya je ya ɗauki albasa wurin wasu. Kwana biyu munka yi muna waya kafin a warware, albasa kuwa cikin buhu a rana ba ta jiran kowa ya gyara nahawunsa. Yaron bai da laifi, book's Ali ɗinsa ne na sizyam ya girma ya yi gemu ba wanda ya taɓa kwance masa shi.

Maganar jam'i kuma ina ganin mu ke ƙara mata nauyi da hannunmu. Sai a jera wa yara singulier kaza, pluriel régulier kaza, pluriel irrégulier kaza, kowanne da akwatinsa, ran jarrabawa duk su cakuɗe. Abin da na gano daga baya, bayan na bar alli ma abin haushi, shi ne mataki guda ya isa. Rubuta mai abin ka gama shi sarai tukuna, ko ɗaya ne ko da yawa, kada ka yi tunanin waƙafi sai kalmar ta tsaya da ƙafafunta. Sannan duba wutsiyarta. In jam'i ce ta ƙare da s, ɗora mata waƙafin sama ka wuce, the boys' ball, ƙwallon yara maza. In ba haka ba sa 's, the boy's ball, the children's ball, the women's market. Children da women da men sun riga sun zama jam'i ba tare da s ba, saboda haka childrens' babu shi ko a Ingila. Misalan ma kowace shekara suna dawowa da kansu: 8 ga Maris International Women's Day, waƙafi kafin s, sai 5 ga Oktoba World Teachers' Day, ranarku ce ma wagga, waƙafi bayan s don ba malami guda ake taya murna ba.

In kuna son aji ya farka ku rubuta musu my wife's room da my wives' rooms, ku ce su nuna wane alhaji ne mai mata ɗaya, wane ne ya ƙara. Sau ɗaya na taɓa gwada wanga a turwaziyam, ranar har na bayan aji masu barci sai da sunka ɗaga hannu, wani ma cewa ya yi mushe na biyun babana ne. Dangi ma babbar gona ce da muke bari ba noma. Bature kalma guda gare shi, uncle, ya cusa kawu da ƙanen uba a ciki, aunt ma haka. To a ce yaro ya yi wa Bature bayanin kawu, ba makawa sai ya ce my mother's brother. Gwaggo my father's sister. Kishiya my husband's other wife. Agola, jika, suruka, ɗan wa, duk ana iya bayaninsu da 's, kuma yaron ya san mutanen da yake magana a kansu, ya ci tuwo da su jiya. Ya fi karen Mr Brown da ba wanda ya taɓa gani. Ɗiyan ƴan kasuwa kuwa a ba su Ali and Musa's shop, shago guda na haɗin gwiwa, da Ali's and Musa's shops, kowa da nasa, sun san bambancin nan fiye da mu don a kansa ake ɓata zumunci.

Sai kunne. Boy's da boys' da boys duk ƙara guda gare su, ko Baturen Landan bai raba su da kunne sai da ma'anar jimla, to in kuna dikte don Allah ku ba da jimla cikakkiya kafin ku yanke wa yaro maki. Shi s ɗin kansa baki uku gare shi. Bayan wasali ko harafi mai murya z ake ji, Musa's kamar Musaz. Bayan p, t, k, f sai ya fito s sosai, Malik's, Yusuf's. In sunan ya ƙare da s ko z ko sh ko makamantansu sai a ƙara gaɓa, Idris's a faɗe shi Idrisiz, Aziz's Aziziz, yara na son wanga don yana ba su dariya. Kuma tunda muna da su Idris da Yunus da Ilyas da Balkis cike da aji, ku san cewa Turawan kansu iri biyu suke rubutawa, James's da James', kowanne da masu bin sa, a Landan akwai lambun da ake kira St James's Park. Yaron da ya rubuta Yunus's da wanda ya rubuta Yunus' kada a soke wa ko ɗaya.

A gaya musu kuma tun wuri 's ɗin nan ba kullum mallaka yake nufi ba. Ali's here, is ne anka gajarta. Ali's gone, has ne. Ali's goat, wanga ne namu. Dabarar allo ma tana tantance su, in ka karanto daga dama ka ji akuyar Ali ta zauna daram to mallaka ce, in ka ji nan ɗin Ali ko tafin Ali ka san ba ita ba ce. Its da it's su ne ke kada har manya: it's, it is ko it has, its kuwa nasa ko nata na dabba ko na abu, ba waƙafi. Haka mine, yours, hers, ours, theirs, wato nawa, naka, nata, namu, nasu, ba mai ɗaukar waƙafi cikinsu. This phone is Ali's kuwa ba sai an yi dogon turanci ba, wayar nan ta Ali ce, na da ta ɗinmu ne ke tsaye da kansu.

Kada ku ce na mai da Hausa maganin kowace cuta. Akwai inda ita ma za ta jefa yaro rami in ba a ja masa kunne ba, don n ɗinmu jakin gida ne, kowane kaya shi ake ɗora wa. Buhun albasa, zoben azurfa, ruwan sha, makullin mota, mutumin Tawa, farin doki, duk n ne, amma ba ko ɗaya da Bature zai sa wa 's. Shi a sack of onions zai ce, a silver ring, drinking water, car key, a man from Tahoua, a white horse. Yaron da ya riƙe n daidai da 's ido rufe zai rubuto onion's sack da silver's ring, na gani da idona a takardun lodi. To a ce masa albasa ba ta mallaki buhu ba, a ciki kawai take, azurfa ma ba ta mallaki zobe ba, da ita anka ƙera shi. Tambayar na wa ne ita ce rariya, in ba ta da amsa a bar 's a aljihu. Wanga kuwa ba mai iya nuna wa yaro shi sai wanda ya yarda ya rubuta buhun albasa a tablo da Hausa, Faransanci bai san da wanga rami ba balle ya kewaye shi.

Akwai kuma wata doka da muke ba su rabinta gaskiya, wai 's na mutane da dabbobi ne kaɗai, abu maras rai sai of. Ga mai farawa ba laifi, the leg of the table ya fi zama lafiya. Amma yaro zai kunna rediyo ko ya buɗe waya ya ga today's news, Niger's capital, a week's holiday, two hours' walk, ya ce to mushe ƙarya ya yi ko Turawa ne ba su iya ba. Lokaci da ƙasa da gari da ƙungiya duk suna ɗaukar 's. Ko ba a koyar da shi a sizyam ba, a ce musu dai akwai saura, a katiriyam za a cika.

Bari in ɗan ratse, don na ga yadda wasu cikinmu ke ɗaukar waƙafin nan kamar saukakke. A tsohon Ingilishi babu shi sam, es ake liƙa wa kalmomi da yawa, cyning sarki, cyninges na sarki. Sannu a hankali e ɗin ya faɗi a baki, waƙafin sama kuma, wanda Turawan Ingila sunka aro wurin masu buga littattafai na Faransa a ƙarni na 16, ya zo ya zauna a gurbinsa, kuma an daɗe ana rubutu kowa yadda ya ga dama kafin doka ta zauna. Har gobe ba su gama shiri da shi ba. A jirgin ƙasan cikin Landan akwai tasha Earl's Court da waƙafi, kusa da ita Barons Court babu. Hukumar birnin Birmingham a 2009 ta ce ta daina sa shi a allunan tituna. Wani tsohon ɗan jarida John Richards har ƙungiya ya kafa a 2001 don kare waƙafin, a 2019 yana da shekara 96 ya ce ya gaji ya ajiye. Masu harshen ke nan fa. Ban ce a bar yara su rubuta yadda sunka so ba, amma wajen yanke maki a riƙa aunawa. Wanda ya rubuta Alis book ya manta ɗigo, duk mai jin Ingilishi zai gane littafin Ali yake nufi. Wanda ya rubuta the book's Ali ya ba littafi mutum, shi ne zai tsare mana mai mota a iyaka. Jan bik guda bai kamata ya hau kansu daidai wa daida ba, kuma na biyun kalmar faux ba ta ishe shi ba, layi guda yake buƙata a gefe: mai abu gaba.

Yanzu gare ku sufetoci, ranku shi daɗe, don na san inda gizo ke saƙa. Malamai da yawa sun san duk abin da na faɗi, wasu sun fi ni sani nesa ba kusa ba, tsoro ne ke hana su. Lokacin da nike aji, in an ce mai duba aiki na tafe, ko sannu ba ka yarda ta fito bakinka da Hausa, kada a rubuta maka cewa ba ka riƙe aji da harshen da kake koyarwa ba. Amma in ka juya ka yi minti goma kana bayani da Faransanci ba mai ɗaga gira. To in dai hujjar ita ce yaro ya jiƙu da Ingilishi zalla, Faransanci ma ai ba Ingilishi ba ne, kuma ɗan sizyam na ƙauye da yawansu Faransancin ma da ƙyar suke jan shi, mun ɗauki makaho mun ce ya ja wa makaho gora. Mu mun tarar da ƙarshen zamanin sambol, a rataya wa yaro ƙashi a wuya don ya yi harshen uwarsa a filin lakkol. An cire ƙashin, tsoron ne bai fita ba.

Ga shi kuwa tun watan Maris na 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. In haka ne ban ga abin kunya ba malami ya tsaga tablo gida biyu, littafin Ali a nan, Ali's book a can, ya ja kibiya biyu masu giciye. Minti biyar ne a farkon darasi, sauran awar duk a yi ta da Ingilishi har kowa ya ƙoshi. Na san za a ce ajin Abalak ko Cintabaraden ba Hausawa kaɗai ba ne. Gaskiya ne, amma ɗan Abzinawa ma ehan n Musa yake cewa, ɗan Fulani suudu Muusa, duk ɗakin ne gaba Musa baya, ciwonsu guda da namu, maganin ma guda, sai malami ya ce kowa ya faɗi da harshensa a ji, sannan a juya tare. Abin da nike roƙo gare ku bai wuce ku faɗa da bakinku a taron malamai cewa wanga ba laifi ba ne, ku daina rage wa malami daraja don an ji Hausa ta minti biyar a ajinsa, in da hali kuma ku sa wasu ƙwararru cikinku su zauna su jera wuraren da Hausa ke taimako da inda take ruɗarwa, ko shafi huɗu ne a buga a raba. Malamin da ke gaban yara cunkus, wasu a benci wasu a tabarma, ga albashi na yi masa nawa, ba shi da lokacin gano wanga shi kaɗai, ni ma sai da na bar aji na gano.

Ita dai ɗiyar tawa yanzu ta mai da abin wasa, komi ta gani cikin gida sai ta juya shi, the goat's rope, my brother's shoes, Inna's pot, har uwarta ta ce a bar mata tukunya ta huta. Shekaranjiya ta zo min da a friend of my father's da ta gani a wani wuri, ta ce Baba ya anka yi of da 's sunka haɗu a jimla guda, ba ka ce ɗaya ake zaɓa ba? Na ce wani daga cikin abokan babana ke nan, kuma a picture of my father babanki ne a cikin hoton, a picture of my father's hoton nasa ne ko da raƙumi anka ɗauka. Ta ce to ai mu duka hoton babana muke cewa. Na ce a nan kam Bature ya ci mu, je ki kwanta.

Da farko takarda biyu na cika da hannu na ce ta kai wa malaminta ran Litinin. Ta ce ita wlh ba za ta kai ba, kar ya ɗauka rashin kunya ce ya sa mata ido har ƙarshen shekara, uwarta ma ta goyi bayanta. Shi ya sa na kawo ta nan inda ba sunan kowa, in ya gani ya gani.

Wassalam, a gaida iyali.

Naku, tsohon ɗan kwantaragi, Tawa.